Baƙin Mai Jinin Mota: Darasin Da Muka Koya A Ƙofar Wambai

Duk lokacin da Salla ta matso, in ka zaga Agege ko Idi-Araba ko Obalende a Ikko, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, ba abin da za ka ji a bakin 'yan'uwanmu sai zancen tafiya gida. Mai ɗinki yana ɗinki, mai sayen tsaraba yana saye, masu motoci kuwa kowa ya nufi gareji don a duba masa taya da birki da fitila. Amma akwai abu guda wanda yawancinmu ba mu kula da shi yadda ya kamata sai ranar da ya kwantar da mu a daji, watau baƙin mai. To, a kansa za mu yi magana yau, domin da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi motar nan ko babur ɗin nan shi ne jarinsu, shi ne gonarsu, da shi ake ci a nan Kudu, da shi kuma ake aika wa na gida.

ABIN DA YA SAMI ƊAN YAYANA

Ina da ɗan yaya, haifaffen Ƙofar Wambai ta birnin Bauchi, wanda ya yi shekaru yana zaune a Agege. Ya fara da karen mota, ya zama direban wani, har Allah ya hore masa ya sayi bas ɗinsa na hannu, irin wanda ake kira tokumbo. Da wata Babbar Salla ta gabato sai ya yi niyyar ya ɗauki fasinja ya kai su gida, shi ma ya ga mahaifiyarsa, ya kuma rufa ɗakin da ya fara ginawa.

Ana saura kwana biyu tafiya ya je a yi masa juye. Da aka buɗe murfin mai sai aka ga baƙin datti ya daskare a ciki kamar kwalta. Wani yaro a garejin ya ba shi shawara a wanke cikin injin da kananzir, wai zai fito tas kamar sabo. Aka tsiyaye tsohon mai, aka zuba kananzir, aka tayar da mota ta yi 'yan mintoci, aka tsiyaye, sa'an nan aka zuba sabon mai. Filta kuwa aka dube ta aka ce da sauranta, aka bar ta. Ya biya, ya tafi yana murna ya yi tattali.

Tafiya daga Ikko zuwa Bauchi ta fi kilomita 1,000. Sun wuce Badun da Akure da Okene da Lakwaja lafiya, suka wuce Abuja da Kefi da Akwanga. A Hawan Kibo, inda mota ke jan kaya tana nishi kafin ta hau tudun Jos, a nan ne jar fitilar mai ta fara kyaftawa. Ya gan ta sarai, amma ya ce bari a ƙarasa hawa. Da suka shiga Jos ya sayi lita ɗaya a bakin hanya ya ƙara, suka ci gaba. Suna wuce Nabordo sai injin ya fara ƙara kamar ana dukan ƙarfe da guduma, kafin ya gangara gefe ya mutu murus. Fasinja suka nemi wata mota, shi kuwa sai janyo shi aka yi zuwa Bauchi ana gobe Salla.

YADDA AKA BUƊE INJIN

Ga waɗanda ba su san garin ba, kada su rikita wannan Ƙofar Wambai da ta Kano mai babbar kasuwa. Wannan tana ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar birnin da Malam Yakubu ya kafa a 1809, 'yar'uwar Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti da Ƙofar Nasarawa da sauransu, kuma unguwar da ke wajen da sunanta ake kiranta. Bauchi ba baƙuwar aikin mota ba ce. Bayan da ta zama babban birnin jiha a 1976, a can aka kafa kamfanin Steyr mai haɗa manyan motoci da taraktoci, a zamanin da Peugeot ke haɗa motoci a Kaduna, Volkswagen a Ikko, Leyland a Badun. Saboda haka har yanzu akan sami tsofaffin hannu a garin waɗanda suka koyi aiki bisa ƙa'ida.

Wajen irin waɗannan dattawa muka kai bas ɗin bayan Salla, wani bakanike da iyalinmu suka daɗe suna hulɗa da shi. Bai tambayi kome ba sai da ya sa yaransa suka kwance kaskon da ke ƙarƙashin injin, inda mai ke taruwa. Ya ciro bakin famfon mai, wanda ke da 'yar raga kamar rariya, ya miƙa wa ɗan yayana. Ragar nan ta toshe ƙam da gudajin datti. Sa'an nan ya yanka filta da zarto ya nuna mana takardar da ke ciki, ta cushe har ta lotsa. Ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, wa ya wanke maka injin nan?" Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ca aka yi zai ƙara masa lafiya."

Bayanin da dattijon ya yi mana mai sauƙi ne. Dattin da ya yi shekaru yana manne a jikin injin, kananzir ya ɓamɓaro shi amma bai narkar da shi duka ba. Tafiya ta yi nisa, injin ya yi zafi, gudajin suka gangaro suka taru a bakin famfo. Ga kuma sauran kananzir da ya maƙale a lunguna ya tsinka sabon man. Da aka zo hawa, lokacin da injin ya fi bukatar mai, sai famfo ya kasa ja. Ƙarfe ya hau ƙarfe ba mai a tsakani, mital ya narke, karanshaf ya ƙuje. Kuɗin kwanon rufin ɗaki duk a gyara suka ƙare, har da ciwo bashi, ya kuma yi makonni ba ya aiki. Garin neman ƙiba an samo rama.

MENE NE AIKIN BAƘIN MAI?

Mukan ce baƙin mai, amma sabonsa ba baƙi ba ne, launin zuma gare shi. Aikinsa a cikin injin ya kai biyar. Na farko, yana shiga tsakanin ƙarafan da ke gugar juna, kamar fistin da silinda, ko karanshaf da mital, ya hana su cin juna. Na biyu, yana kwashe zafi daga wuraren da ruwan lagireto ba ya kai wa. Na uku, yana wanke tokar da ƙonewar fetur ko gas ke bari, ya riƙe ta har ya kai wa filta. Na huɗu, yana taimakon ringi wajen toshe kafa don kada ƙarfin injin ya zurare. Na biyar, yana hana tsatsa.

Man da ke cikin galan iri biyu ne aka haɗa: akwai gundarin mai, sa'an nan akwai magungunan da ake zuba masa, waɗanda su ne ke yin wanki da hana kumfa da hana tsatsa. Magungunan nan ƙarewa suke yi da aiki, kamar yadda sabulu ke ƙarewa a ruwan wanki. In sun ƙare, man na nan a ido amma ba ya iya riƙe datti, sai dattin ya kwanta ya zama irin kwaltar nan da muka gani. Wannan shi ne dalilin juye. Ƙari kawai ba ya isa, domin wanda ke ƙara sabo a kan tsoho kullum kamar mai zuba ruwa ne a randar da ba a taɓa wanke ta ba.

Kada kuma baƙin da mai ya yi ya ruɗe ka. Mai mai kyau yakan yi duhu don yana kwasar datti, na injin gas ma cikin 'yan kwanaki yake komawa baƙi ƙirin. Haka nan murza shi a yatsa ba ya nuna ko da sauran ƙarfinsa. Lissafi ne ke nunawa.

YAUSHE YA KAMATA A YI JUYE?

Magana ta farko ita ce ta littafin da maƙeran motar suka rubuta. Wanda ya sayi mota ba littafi, yanzu yana iya sa yaro ya nemo masa shi a intanet da sunan motar da shekararta. Amma ga abin da aka fi bi: mai na gama-gari ana juye shi wajen kowane kilomita 5,000, mai irin na zamani wanda ake kira sintetik yakan kai 8,000 zuwa 10,000. Ko mota ba ta cika wannan tafiya ba, kada mai ya wuce wata 6 a ciki in ana wahalar da ita, kada kuma ya wuce shekara ko da ajiye take.

A nan akwai abubuwa uku da suka shafe mu mazauna Kudu musamman. Na ɗaya, cunkoson Ikko. Motar da ta yi awa uku daga Mil 12 zuwa Apapa, agogon tafiyarta kilomita kaɗan zai nuna, alhali kuwa injin awa uku ya yi yana aiki cikin zafi. Maƙera motoci da kansu sun sa irin wannan tuƙi, da ɗaukar kaya mai nauyi, da bin hanya mai ƙura, a cikin aikin wahala wanda ke bukatar a gaggauta juye. Duk motar haya a ƙasar nan a wannan sahu take. Na biyu, motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil suke ƙirga, ba da kilomita ba. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, watau mil 3,000 ya kusa kilomita 5,000. Da yawa sukan jira agogo ya nuna 5,000, ashe sun riga sun yi kilomita 8,000. Na uku, ruwan damina. In mota ta ratsa ambaliya mai zurfi, a duba geji. In man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, kada a tayar da ita sai an juye. In kuwa ba ta shiga ruwa ba amma man ya yi haka, to, a binciki gasket, mai yiwuwa ruwan lagireto ne ke haɗuwa da mai.

Dattijon Ƙofar Wambai yana da wata ɗabi'a da ta kamata kowa ya ɗauka: duk motar da ya yi wa juye sai ya rubuta kwanan wata da lambar agogo a 'yar takarda ya manna a jikin ƙofa. In agogon motarka ya mutu, sai ka riƙa lissafi da mako ko da yawan sawu.

Masu acaɓa da masu Keke Napep su lura, injinsu ƙarami ne, man da yake ci kaɗan ne, yana kuma juyawa da sauri cikin zafi, saboda haka nasu juyen ya fi na mota kusa ƙwarai. Bugu da ƙari, a yawancin babura mai ɗaya ne ke yi wa injin da giya da kuloci aiki. Don haka a nemi man da aka yi don babur, wanda ke da alamar JASO MA a jikinsa, domin wani man mota yakan sa kuloci ya riƙa sulɓi.

KAURI BA SHI NE KYAU BA

Akwai wani zato da ya zauna a zukatan direbobinmu, wai mai in ya fi kauri ya fi kyau. Wannan ya samo asali ne tun zamanin Fijo 504, lokacin da SAE 40 da 20W-50 suke su ne mai. Injin wancan zamani yana da sarari tsakanin ƙarafansa, mai kauri ya dace da shi. Injin yanzu kuwa a matse yake, hanyoyin man da ke cikinsa sirara ne, wasu ma da ƙarfin mai ake sarrafa buɗewar bawul ɗinsu. In ka zuba masa mai kauri, da safe kafin man ya kai sama ƙarafa sun riga sun ci juna, ga shan fetur.

Lambobin da ke jikin galan ba ado ba ne. Ɗauki 5W-30. Lambar farko mai harafin W tana nuna yadda man ke gudu in injin yana da sanyi. In ta yi ƙasa, man ya fi saurin kai wa ko'ina da an murza makulli. Lamba ta biyu tana nuna kaurinsa in injin ya yi zafi sosai. Yawancin ƙananan motocin da aka ƙera daga shekarun 2000 zuwa yau 5W-30 ko 5W-20 ko 0W-20 suke so, kuma sau da yawa an rubuta a kan murfin mai. Manyan motocin gas kuwa 15W-40 aka fi zuba musu.

Sa'an nan akwai haruffan API, waɗanda ke nuna darajar man. Wanda ya fara da S na injin fetur ne, wanda ya fara da C na injin gas ne. Harafi na biyu in ya yi gaba, man ya fi zama na zamani: SL ya fito a 2001, SN a 2010, SP a 2020. A wajen gas akwai CH-4 na 1998 da CI-4 na 2002. Motar fetur tana karɓar harafin da ya fi wanda aka rubuta mata sabunta, amma kada a koma da ita baya.

FILTA UKU

Kuskure na biyu da ɗan yayana ya yi shi ne barin tsohuwar filta. Filtar mai takarda ce a naɗe cikin gwangwani, tana tace ƙurar ƙarfe da toka. A cikinta akwai wata 'yar ƙofa da ke buɗewa in takardar ta toshe, don kada injin ya rasa mai gaba ɗaya. To, in ta buɗe, mai yana wucewa ne ba tacewa, kai kuwa ba abin da zai nuna maka. Ban da haka, tsohuwar filta tana riƙe da tsohon mai a cikinta, da an tayar da mota zai gauraya da sabo. Saboda haka ƙa'ida ita ce duk juye da sabuwar filta. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba in an gwada da kuɗin mai, balle kuɗin injin.

Wajen ɗaurawa, ka tsaya ka gani da idonka. A tabbata tsohon zoben roba bai manne a jikin injin ba, don in ya hau kan sabo mai zai yi ta tsiyaya. A shafa wa sabon zoben ɗan mai, a ɗaure da hannu, ba da sifana ba. Notin da ake kwancewa a tsiyaye mai shi ma kada a matse shi da ƙarfin tsiya har haƙoransa su cinye. A yi juye injin yana da ɗumi, domin man ya fi fita da dattinsa.

Filta ta biyu ita ce ta iska, kuma ita ce ke shan wuya in an haura Arewa da hunturu. Ƙurar da ta wuce ta, cikin silinda za ta shiga, ta gauraya da mai ta zama kamar yashin goge tukunya. Wanda ya je gida da rani, ya dube ta kafin ya juyo. In ta yage ko ta cushe a sake ta, kada a wanke ta takarda da ruwa ko fetur. Ta uku ita ce filtar fetur ko gas, wadda ke tare datti da ruwan da akan samu a man bakin hanya.

WANKIN CIKIN INJIN

Yanzu bari mu koma kan abin da ya jawo wannan magana, watau wankin cikin injin, wanda kanikawa ke kira fulashin. Gaskiyar magana, injin da ake yi wa juye a kan kari da mai mai kyau ba ya bukatarsa, domin man da kansa yana wanki. Shi ya sa da yawa daga cikin maƙera motoci ba su sa shi cikin jerin ayyukan sabis ba, wasu ma sun yi gargaɗi a kansa.

Kananzir da gas da fetur ba su da santsin da zai kare ƙarfe, kuma suna iya ɓata robobin da ke tare mai. Kada ka yarda a tayar da injinka da su a madadin mai, ko na minti ɗaya ne. Akwai maganin wanki na kanti da ake zubawa a kan tsohon mai, a bar mota tana aiki a tsaye kamar minti 10 zuwa 15, ba tare da an tuƙa ta ba, sa'an nan a tsiyaye a sa sabon mai da sabuwar filta. Wannan ya fi kananzir sauƙin haɗari, amma shi ma a injin da datti ya yi wa katutu yana iya ɓamɓaro gudaji su toshe famfo. A tsohon injin kuma, wani lokaci dattin ne ke toshe robar da ta tsufa, da an wanke sai yoyo ya bayyana.

To, yaya za a yi da injin da ya riga ya yi datti? Abin da dattijon nan ya ce da shi za a yi tun farko shi ne hanya biyu. In dattin kaɗan ne, a yi juye kusa da kusa, kamar kowane kilomita 1,500 zuwa 2,000, sau biyu ko uku, kowane da sabuwar filta, man zai ɗebe shi sannu a hankali. In kuwa ya yi yawa, a kwance kaskon ƙasa da murfin sama a wanke su a waje da hannu, a wanke ragar famfo, a mayar. Aikin yini ne, amma hanyar lafiya a bi ta da shekara. Kuma ko wanne za a yi, kada a yi shi ana jibi doguwar tafiya.

TSADA DA JABU

Ba mu manta da halin da ake ciki ba. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ita ce aka gina wa sashen yin gundarin baƙin mai a 1983, amma shekaru da dama ke nan ta daina wannan aiki. Kamfanonin da ke haɗa baƙin mai a ƙasar nan daga waje suke sayo gundarin da magungunansa, da dala. Da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,400 a cikin 2024, kuɗin galan ya bi ta. Wannan ne ya sa da yawa suka fara ja da juye, wasu suka koma man awo na kwalba.

Inda tsada ta shiga, nan 'yan jabu ke samun kasuwa. Wasu gundarin mai suke sayarwa zalla ba magani ko ɗaya a ciki. Wasu tsohon mai suke tacewa su ɗura a galan ɗin kamfani. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama irin wannan mai a kasuwanni, amma ba ta iya tsayawa a kowane gareji. Kariyarka tana hannunka. Sayi mai a gidan mai ko wajen dilan da ka sani, ka duba hatimin murfi bai taɓu ba, ka duba lambar kamfani da haruffan API, a kuma buɗe galan a gabanka. In farashi ya faɗi ƙasa da na kowa, ka tuna araha ba ta ado. In an gama, ka huda galan ɗin ko ka tafi da abinka, don da irinsa ake cutar wani. Filta ma akwai jabunta, gwangwani mai kyau a waje, takarda 'yar kaɗan a ciki.

Tsohon man da aka tsiyaye kuwa, kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, domin kaɗan daga cikinsa yana ɓata ruwa mai yawan gaske. Kada a shafa shi a ciwon mutum ko na dabba, kamar yadda wasu ke yi. Yaran gareji da ke wuni hannunsu cikinsa su riƙa wankewa da sabulu, don daɗewarsa a fata yana da illa. A tara shi a jarka a ba masu saye.

KAFIN KA KAMA HANYA

Ɗan'uwa mai shirin tafiya gida, ka yi juye da sauran mako guda, don in akwai yoyo ya nuna kansa kana cikin gari. Ran tafiya da asuba, ka tsayar da mota a wuri mai daidai, ka zaro geji ka goge, ka mayar ka sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamun nan biyu. In ya gaza a ƙara, in ya wuce a rage, domin mai in ya yi yawa karanshaf yana kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta kare ƙarfe. Ka riƙe lita ɗaya ko biyu irin wanda ka zuba a cikin but. Duk inda aka tsaya salla ko cin abinci, a Lakwaja ne ko Akwanga, ka bari injin ya huta minti 5 zuwa 10 ka sake dubawa, ka kuma leƙa ƙarƙashin mota.

Abu na ƙarshe shi ne jar fitilar nan mai siffar buta. Ba tana cewa mai ya ragu ba ne kawai, tana cewa mai ba ya kai wa inda ake bukatarsa. In ta kama kana tafiya, ka nemi wuri mai aminci mafi kusa ka gangara ka kashe mota. In ka duba geji ka ga mai cike amma fitila ba ta mutu ba, kada ka sake tuƙawa, a nemo bakanike ko a ja motar. Da ɗan yayana ya tsaya a Hawan Kibo, ko a Jos ya sa an buɗe kasko, da wankin raga da sabuwar filta da galan ɗaya sun ishe shi.

Yanzu ya koma Agege yana aikinsa, ya kusa gama biyan bashi, ɗakin Ƙofar Wambai kuwa yana jiran wata shekara. Shi ne ya ce in rubuta wannan don kada wani ya faɗa ramin da ya faɗa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, ya dawo da shi lafiya, amin.